Kifin da Ake Kama 'Yan'uwansa da Shi

Mutanen Kalgo sun ce koro ni aka yi daga Japan saboda rashin tarbiyya. Mutanen Gwandu kuma, wato Gwaggo da maƙwabtanta, sun ce hassada ce ta sa na so in toshe wa ƙanwata Rabi hanya, don kada ta je ta ci daɗin da na ci. Dukansu sun yi kuskure. Ina da laifi, babba ma, amma ba shi suke faɗi ba. Laifina shi ne wata tara na yi ina murmushi a hoto. Ba ni son dogon zance, amma tunda kowa ya ba da labarina yadda ya ga dama, bari in ba da nawa sau ɗaya a huta.

Sunana Hindatu, ɗiyar masunci ce ni daga Wurogauri, na gama sakandare a Kalgo. Mu biyu ne mata a wurin Baba. Rabi tun daga yaye aka ba Gwaggo Asabe, yayar Baba da ke aure a Gwandu, wadda Allah bai ba haihuwa ba. A gidan maƙwabtan Gwaggo ne aka sami Anti Balki, wadda ta shekara da shekaru a Japan. Ta zo biki gida, ta ce akwai makarantar koyon yare da ɗan aiki marar wahala ga yarinya mai ƙwazo. Ni aka fara ba ta, da sharaɗin in abu ya yi kyau Rabi za ta biyo baya.

A filin jirgi ta tarbe ni, ta rungume ni, ta karɓi fasfona ta jefa a jaka wai don kada ya ɓace. Muka shiga jirgin ƙasa, muka sauka, muka shiga wani ƙarami, har muka isa wani gari da duwatsu suka matse ta kowane gefe, da kogi yana ratsa tsakiyarsa. Ɗakin da ta kai ni mu huɗu ne, biyu 'yan Nepal, ɗaya 'yar Vietnam, kowa da katifarta a ƙasa. Ban ko huta ba ta ja ni wani babban kanti, ta cire jar rigar sanyinta ta sa mini, ta ce in tsaya gaban fitilu in yi dariya. Ta ɗauki hotuna ta tura gida. Da muka fito ta karɓe rigarta.

Aikin kuwa kifi ne. Na bar kifi a Wurogauri, na ƙetare duniya, na tarar da kifi yana jirana. Wani ƙaramin kamfani ne da ke kiwon wani siririn kifi mai tsawon tafin hannu, ana ce masa ayu. Ni ina cikin masu feɗewa. A tsaga ciki, a ware hanji a kwano daban don gishiri suke zuba masa su ci, a wanke, a jera. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba ya ƙarni. Ƙamshin kankana yake yi, kankanar da aka yanka yanzu. Kwana uku abin ya burge ni, daga nan ko kankanar gaske na gani a kanti sai zuciyata ta tashi.

Daga asuba ina tsaye a kan ruwan sanyi har azahar, sai in hau keke in tafi makaranta in yi barci a kan tebur. Ranakun da kifi ya yi yawa ba a barina in je makarantar ma. Anti ta ce kada in damu, ita ta san malaman. Daga baya 'yar Vietnam ɗin nan ta gaya mini cewa duk yarinyar da ta kawo, Anti tana da kasonta a makaranta da kamfani, kuma ba ni kaɗai take riƙe da ita ba, akwai wasu a wasu garuruwa.

Duk ranar Lahadi ta biyu sai ta zo da jar rigar. Wata rana gaban gada, wata rana cikin gidan abinci da ba mu ci komai ba. Bayan hoto sai saƙon murya zuwa ga Gwaggo, ita ke tsara mini abin da zan faɗa: ina lafiya, na yi ƙiba, aikin awa biyu ne, Anti ta zame mini uwa, a gaggauta takardun Rabi. In na yi da sanyin jiki ta ce in sake, wai na yi kamar wadda aka yi wa mutuwa. Kada wani ya ce tilasta ni aka yi da bulala. Fasfo yana hannunta, gaskiya ne, amma kunya ta fi fasfo riƙe ni. Inna ta riga ta zagaye Wurogauri da hotona. Ni da bakin nan nawa na yi wa 'yan ajinmu gorin cewa na wuce ajin masu talla. Da wane bakin zan ce ga ni ina feɗe kifi, yatsuna sun tsattsage har ba ni iya alwala sai da kuka?

Baba kaɗai ne hotunan ba su taɓa burgewa ba. Idanunsa sun fara rauni, ya rage shiga ruwa, yawanci yana bakin zaure yana gyaran komar wasu. In muka yi waya ba ya tambayar benaye ko jirage. Tambayarsa ɗaya ce: akwai gulbi a garin? Mi ke cikinsa? Mi suke ce musu? Na ce Baba ni karatu na zo, ba su ba. Ya ce garin da ba ka san sunan kifinsa ba, baƙo kake ko ka shekara goma. Na ce to na ji, na kashe wayar. Haka nake, ba ni da haƙuri, kuma ina tsoron in muka daɗe zai ji abin da ke cikin muryata.

Lokacin sanyi ba zan tsaya a kansa ba. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya, na faɗi da keke sau huɗu, na ci shinkafa da ƙwai har na tsani kaza. Na yi mafarkin tuwon shinkafa da miyar kuka da busasshiyar tarwaɗa, na farka ina jin haushin kowa.

Da ɗumi ya dawo aka cika gonakin shinkafa da ruwa, sai garin ya ɗan yi kama da fadamarmu. Wata safiya ina kan keke na hango wani abu baƙi yana juyi a inda magudanar gona ke zuba cikin kogi. Na tsaya. Tarwaɗa ce, da gashin bakinta da komai. Wallahi ji na yi kamar na ga 'yar garinmu. Ranar na sayi ƙugiyoyi da zare, na ɗaura su jere yadda Baba ke ɗaura mamari, na sa hanjin ayu a kowace, na kafa da yamma a bakin kogin. Ban tambayi kowa ba. A wurinmu wa ke neman izini don tarwaɗa ɗaya?

Da safe na tarar tarwaɗa biyu sun kamu, na kuma tarar da wani tsoho tsaye a kansu, da hula da wani ƙyalle a damtse mai rubutu. Mai gadin kogi ne na ƙungiyar masuntan garin. Ba ni da fasfo, ga kayan laifi a gabana, na gama ganin kaina a hannun 'yan sanda. Ya yi magana a hankali har na gane: irin wannan jeren ƙugiya ba a kafa shi sai da izinin ƙungiya, kuma ba a ma buɗe ruwa ba tukuna. Ya tsuguna zai kwance zaren, sai ya tsaya yana jujjuya ƙullin. Ya kwance ɗaya, ya yi ƙoƙarin mayarwa, ya kasa. Ya miƙo mini ya ce in sake ya gani. Na ƙulla masa. Ya tambayi wanda ya koya mini, na ce babana, masunci ne. Sai ya yi dariya, haƙoransa uku ne a sama.

Sunansa Mori. Ya karɓe ƙugiyoyin, ya bar mini kifin, ya ce ai mutanen garin ba su cika cin wannan ba. Ya nuna shi ya ce namazu. Na ce tarwaɗa. Ya gwada faɗi, harshensa ya ƙi, muka bar shi a haka. Ranar na dafa su da barkono da 'yar daddawar da ta rage mini, 'yan ɗakinmu suka buɗe taga suna tari, ni kuwa na cinye har ƙashin kai.

Daga nan duk ranar da ba ni da aiki sai in same shi a bakin kogi da littafin makarantata, wanda dama ba abin da na rubuta a ciki. Yana nunawa, ina rubutawa, in kira Baba in karanta masa. Funa, mai faɗin jiki, Baba ya ce ƙanwar karfasa ce. Koi, babba mai ɓawo manya. Unagi, dogo kamar maciji, Baba ya ce a tambayi tsohon ko yana shiga laka ya kwana kamar gaiwa. Dojo, ɗan ƙarami mai gashin baki da ke cikin taɓon gona. Ugui, wanda masu fatsa ke tsaki in ya kama. Yamame da iwana, na can saman dutse inda ruwa ke da sanyi, waɗanda ban taɓa gani ba sai a hoton wayar Mori. Birgi kuwa, komar da ake jefawa ta buɗe kamar faifai, toami suke ce mata, kuma jifar iri ɗaya ce da tamu. Da na gaya wa Baba ranar buɗe ruwa tana da suna, kaikin, kuma kafin ranar ba mai taɓa ayu, sai ya ce ashe suna da Sarkin Ruwa, to mutanen kirki ne. Ya ce in gaida tsohon, in ce masa ɗan'uwansa na Wurogauri ya ce tarwaɗar da suke rainawa ita ta yi mini makaranta.

Waɗannan makonni su ne kaɗai na ji ni mutum ce a ƙasar. A cikinsu ne kuma Anti ta ce takardun Rabi sun kusa fitowa, na sake yi wa Gwaggo saƙo ina cewa a yi sauri.

Da aka buɗe ruwa kogin ya cika da maza tsaye cikin ruwa har ƙugu, kowa da sandar fatsa mai tsawon da ya fi na dogon ɗaki. Na lura ba mai sa tana ko wani abinci a ƙugiya. Mori ya ce in zauna a kan dutse in kalla, wannan shi ake kira tomozuri. Ayu gansakukar jikin dutse yake ci, kuma kowane yana da dutsensa da ba ya yarda wani ya matso. Don haka ba a yaudararsa da abinci, da ɗan'uwansa ake kama shi. Mori ya ciro wani ayu mai rai daga wani akwati da ke cikin ruwa, irin na kiwo, irin wanda nake feɗewa. Ya zura masa ɗan zobe a hanci, zoben na haɗe da zare, ga ƙugiyoyi tsirara suna reto a bayan wutsiyarsa. Wannan kifin sunansa otori. Ya sake shi, ya bi da shi a hankali har gindin wani dutse. Ba a jima ba mai dutsen ya taso ya bangaje shi, ƙugiya ta kama shi a gadon baya. Mori ya ɗaga sanda, kifi biyu suka taso sama tare suka faɗa cikin 'yar komarsa.

Abin da ya yi bayan nan shi ne ya tsaya mini. Ya cire zoben daga hancin na farko, ya sa wa sabon. Ya ce na farkon ya gaji, ba ya ninkaya da kyau, sabon kamu shi ne mai ƙarfi, shi zai kawo na gaba. Haka ake yi har yamma, kowane kamu shi ne otorin na bayansa.

Da la'asar na kira Baba na kwatanta masa, ina ta zuba kamar abin dariya. Ya ce lallai waɗannan sun san halin kifi. Sannan ya ce, "To wanda ya gaji fa, mi ake yi da shi?"

Na buɗe baki in ce ana mayar da shi akwati, sai kuka ya zo. Na zauna a gefen hanya da keke a kwance na gaya masa komai: fasfo, rigar aro, yatsuna, makarantar da ba ni zuwa, saƙonnin da ake tsara mini. Na ce Baba ni ce mai zoben, Rabi ake so. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce dama ya ji muryata ba daidai ba tun sanyi, yana jira ne in faɗa da kaina.

Washegari ya hau babur ɗin haya har Gwandu. Abin da ya faru Inna ce ta ba ni labari daga baya. Gwaggo ta saurare shi har ya gama, sannan ta ɗauko waya ta kunna masa saƙonnina ɗaya bayan ɗaya a gaban matan gidan. Muryata ce, ina dariya, ina cewa na yi ƙiba. Ta ce wace Hindatun za ta gaskata, ta wata tara ko ta jiya? Ta ce yarinya ta ga ƙanwarta za ta zo ta raba mata gata shi ne ta ɓullo da wannan. Baba ya ce shi dai bai yarda Rabi ta tafi ba. Sai Gwaggo ta ce, "Ɗiyar nan ba ni ka yi, ko aro ka ba ni? In aro ce ɗauki abarka yanzu."

Wanda ya san gidajenmu ya san nan maganar ta ƙare. Ƙane ba ya karɓe ɗiyar da ya ba yayarsa marar haihuwa, shekara goma sha takwas tana riƙo, a gaban kishiyoyin maƙwabta da yaran gida. Baba ya sa takalmansa ya fito. Inna ta ce kwana biyu bai ci tuwo ba.

Na kira Rabi da kaina. Ta ce, "Yaya, ke kin je kin yi fari, ni in zauna ina dakan fura ko?" Na ce farin rashin rana ne da rashin jini, shashasha. Na zage ta, ban iya lallashi ba, ban taɓa iyawa ba. Ta toshe lambata.

Maganar ta koma kunnen Anti kafin kwana uku. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai daina zuwa ranar Lahadi. Da kaka Rabi ta iso, aka kai ta wani gari mai nisan awa uku a jirgin ƙasa, wurin da ake sarrafa kaji. Ban san ta iso ba sai da Inna ta turo mini hotonta, tana tsaye gaban fitilu cikin jar riga.

A lokacin ne ayu ke gangarowa. Mori ya kai ni in ga abin da suke ce wa yana, wato wani dandamalin gora da ake kafawa a karkace a tsakiyar kogi, ruwa ya wuce ta ƙasa, kifi ya faɗo a kai yana tsalle. Kifin ya canja, jikinsa ya yi duhu da ja kamar tsatsa. Ya ce wannan shi ne ochi-ayu, mai saukowa, zai je ƙasa ya zuba ƙwai ya mutu, don ayu shekara ɗaya yake yi a duniya. Ya gasa mini biyu da gishiri a jikin tsinke. Ya ga ba ni ci, sai ya cire safar hannunsa ta roba mai gashi a ciki ya ajiye a kan littafina. Ban sake ganinsa ba, don da sanyi ya shigo aka ce yana asibiti a birni.

Da lokacin sabunta izinin zama ya yi, ofishin shige da fice suka ƙi. Sun ce ban cika zuwa aji ba, kuma na yi aiki fiye da awannin da doka ta yarda wa ɗalibi. Duka gaskiya ne. Anti da ta ce ta san malamai ta kawo mini fasfona a ambulan, ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Korar da ake ta faɗi ke nan.

Kwana biyu kafin in taso na je garin su Rabi. Ta buɗe lambata, ta yarda ta same ni a tashar jirgi, minti ashirin kafin ta shiga aiki. Ta rame. Hannayenta suna cikin aljihu, ta ƙi fitarwa. Na fizgo ɗaya, na ga abin da na sani, yatsu a tsattsage. Na ce ta biyo ni mu tafi, ta ce da wane fasfo, kuma ta koma ta ce wa Gwaggo mi? Na ba ta safar Mori. Da jirgina ya zo ta riƙe mini mayafi ta ce, "Don Allah Yaya kada ki faɗa wa kowa."

Yau wata biyu da dawowata. Ina taya Inna shanya kifi, ina jin abin da ake faɗi a kaina a bakin rijiya. Gwaggo ba ta amsa gaisuwata. Rabi tana turo hoto duk Lahadi ta biyu, da saƙon murya, ta ce ta yi ƙiba. Shekaranjiya na ji cewa 'yan mata uku a Kambaza da ɗaya a Masama an kai su Birnin Kebbi yin fasfo, kuma hoton Rabi ne aka nuna wa iyayensu.

Na zauna da Baba na gaya masa abin da na lura da shi: Anti ba ta riƙe yarinyar da ba ta kawo mata kowa. In waɗannan huɗun ba su je ba, kuma ba a sami wasu ba, ba za ta wahala a kan takardun Rabi ba, za a ƙi sabunta mata kamar yadda aka ƙi mini, ta dawo. Za ta dawo da kunya, za a yi da ita a bakin rijiya, za ta ce ni na tona mata asiri bayan ta roƙe ni, wataƙila ta shekara ba ta yi mini magana ba. Na yarda. Ta yi fushin a tsakar gidan Gwaggo inda zan iya ganinta.

Baba ya ce ranar Alhamis in shirya da wuri. Kambaza za mu fara. Shi zai zauna da mazan a zaure, ni in shiga ciki wurin uwayen, in kunna musu saƙonnina na da da kaina, sannan in buɗe musu hannuwana su duba.